Wutar da Ba Ta Cikin Waya: Yadda Kwamfuta Ke Bayyana Filin Maganaɗisu

Gabatarwa

Zakirai ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, arewa maso gabas da birnin Kano. Tana cikin yankin nan na ƙasar Kano da gona ke manne da gona, inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa kowace damina ba tare da an bar ƙasa ta huta ba. A irin waɗannan garuruwa farantin sola ya daina zama abin kallo. Akan gan shi a kan rumfar mai cajin waya, da gefen tankin rijiyar burtsatse, da rufin masallaci ko na ɗakin shan magani. Da yawa daga cikin farantan kuwa suna tafe ne da wani ɗan akwati da ake kira inbata, wanda ke mai da wutar batir ta zama irin wadda fanka da firji suke aiki da ita.

Duk wanda ya zauna da wannan akwati ya san shi da halaye biyu. Na farko, idan aka kusanto da rediyo ana sauraron labarai a gajeren zango ko matsakaicin zango, sai shuu da ƙara su danne muryar mai magana. Na biyu, wata rana yakan ƙone ba zato ba tsammani. A kai wa mai gyara, ya canza tiransistocin da suka mutu, ya auna da mita ya ga komai daidai, amma bayan 'yan makonni a sake dawowa da shi. Ga manomin da ya sayar da amfanin gona ya sayi kayan, wannan asara ce babba.

Sau da yawa tushen halayen nan biyu ɗaya ne, kuma ba ya cikin wayoyin da mai gyara yake aunawa. Yana cikin sararin da ke kewaye da su. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke cikin sararin, da yadda masana suka koya wa kwamfuta ta lissafa shi nan take, sa'an nan ta zana shi a kan na'urar kanta har ido ya gani.

Mene ne filin maganaɗisu?

A shekarar 1820 wani malamin jami'a a ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa idan wutar lantarki ta bi ta wayar da ke kusa da ita, alhali wayar ba ta taɓa allurar ba. Ashe duk wayar da wuta ke gudana a cikinta tana kafa wani ƙarfi a sararin da ke zagaye da ita. Wannan sarari mai ƙarfi shi ake kira filin maganaɗisu.

A shekarar 1831 Michael Faraday na Ingila, wanda ɗan maƙeri ne kuma bai yi zurfin karatun lissafi ba, ya gano ɗaya ɓangaren: idan filin maganaɗisu ya canza a kusa da waya, sai ya haifar da ƙarfin lantarki a cikinta, kuma gwargwadon saurin canjin, gwargwadon girman ƙarfin. A kan wannan doka janareta da taransifoma suke aiki har yau. Faraday yakan barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda ya sa maganaɗisu a ƙarƙashi, sai garin ya jeru layi-layi. Da waɗannan layuka ya riƙa yin tunani a inda wasu ke amfani da alƙaluma.

A shekarar 1865 James Clerk Maxwell ya zuba tunanin Faraday cikin lissafi, ya nuna cewa filin lantarki da filin maganaɗisu suna haifar da juna, kuma suna iya barin waya su ratsa sarari da saurin haske. Heinrich Hertz na Jamus ya tabbatar da haka da gwaji tsakanin 1887 da 1888. Igiyoyin da ya gano su ne rediyonmu ke kamawa.

Ana auna filin maganaɗisu da ma'aunin tesla, amma da yake tesla ɗaya babba ne ƙwarai, akan yi amfani da maikirotesla, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Duniyar kanta tana da fili mai ƙarfin maikirotesla 25 zuwa 65, gwargwadon inda mutum yake. Miƙaƙƙiyar waya guda mai ɗauke da amfiya 40 tana kafa maikirotesla 800 a nisan santimita 1, da 80 a nisan santimita 10, da 8 kacal a nisan mita 1. Mai karatu ya lura: duk lokacin da nisa ya ninku sau goma, ƙarfin yana raguwa sau goma.

Abin da ke faruwa a cikin inbata

Wutar farantin sola da ta batir miƙaƙƙiya ce, hanya ɗaya take bi, yawanci a kan bolt 12 ko 24 ko 48. Wutar gida a Nijeriya kuwa mai kai-komo ce, bolt 230, tana zuwa tana dawowa sau 50 a kowane sakan. Aikin inbata shi ne mai da ta farko ta zama ta biyu. Tana yin haka ne da tiransista, wadda aka ƙirƙiro a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1947. A nan tiransista makunni ce kawai: ta kunna, ta kashe. Amma a inbata ta zamani tana iya yin haka sau 20,000 a sakan, kuma ta hanyar tsawaita ko gajarta lokacin kunnawa ake sassaƙa wutar har ta ɗauki siffar wutar gida.

Wannan fanni na sarrafa wuta da makunnai masu sauri ya wuce inbata. Shi ne a cikin cajar waya, da ƙwan fitila mai ƙarancin shan wuta, da akwatin da ke juya famfon rijiyar burtsatse. Shi ne kuma a manyan tashoshi, kamar tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Satumba na 2019, da mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a watan Janairu na 2023. A watan Oktoba na 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, waɗannan akwatuna manya da ƙanana suna cikin abubuwan da jama'a suka dogara da su.

Me ya sa injiniyoyi ke son sauri haka? Saboda idan aka ƙara saurin kai-komo, taransifoma ƙarama tana iya yin aikin babba. Shi ya sa cajar yau ba ta da nauyi irin na adaftar rediyon da. Sababbin tiransistoci da ake yi da silikon kabaid da galiyam naitiraid sun fi na silikon zalla sauri, suna kuma rage asarar wuta. To amma a nan gizo ke saƙa, domin dokar Faraday ba ta barci.

Lissafin ƙonewa

Ɗauki misalin amalanken shanu da aka loda wa taki za a kai gona. Idan yana tafiya aka tsai da shi a hankali, lafiya lau. Idan kuwa aka tare shi farat ɗaya da kututture, nauyin kayan zai daki kututturen da ƙarfi, wani abu ya karye. Wutar da ke gudana a waya ita ma haka take. Filin maganaɗisun da ta kafa rumbu ne na ƙarfi, kuma idan aka datse wutar nan take, dole ƙarfin ya nemi inda zai faɗa.

Ana auna wannan hali na waya da ma'aunin henri. A ƙiyasin injiniyoyi, kowace santimita ta waya tana da kimanin nanohenri 10, wato kashi goma cikin biliyan na henri. Inbata mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 24 tana jan kimanin amfiya 40. A ce akwai santimita 10 na waya tsakanin kafasito da tiransista, wato nanohenri 100, kuma tiransistar ta datse amfiya 40 ɗin cikin nanosakan 50. Dokar ita ce a ninka henri da amfiya, a raba da lokaci: 100 sau 40, a raba da 50, ya ba da bolt 80. Idan aka haɗa da bolt 24 na batir, tiransistar ta sha bolt 104. In an ƙera ta ne don ta jure bolt 60 ko 75, to ana dukanta fiye da ƙima sau dubbai a kowane sakan, tana zafi tana gajiya har ranar da za ta mutu.

Mitar mai gyara ba za ta taɓa nuna wannan duka ba, domin ya zo ya wuce tun kafin mitar ta farga. Haka kuma, wannan canji mai sauri shi ke sa wayoyin inbata su zama kamar eriya, su watsa igiyoyin da ke shiga rediyo. Wani lokaci ma filin yakan tsallaka zuwa siririyar wayar da ke ba tiransista umarni, ya kunna ta a lokacin da ya kamata ta kasance a kashe, batir ya haɗu da kansa, allo ya ƙone. Saboda haka na'urori biyu masu kayan haɗi iri ɗaya suna iya bambanta, ɗaya ta shekara goma, ɗaya ta kasa wata uku, don kawai yadda aka shimfiɗa wayoyinsu ya bambanta.

Kwaikwayo da kwamfuta

Hannu ba ya iya warware lissafin Maxwell ga allo mai ɗaruruwan layukan tagulla. Dabarar da ake bi ta yi kama da ta mai lambu a fadama: ya raba filinsa fangali-fangali, kuma ruwan kowane fangali ya danganta da na maƙwabtansa. Kwamfuta ma tana yanka na'urar da sararin da ke kewaye da ita gutsure-gutsure, wani lokaci dubu ɗari, wani lokaci miliyoyi, ta lissafa filin kowane gutsure daga na maƙwabtansa. Kane Yee ya fito da wata hanya ta yin haka a 1966. Peter Silvester na Jami'ar McGill a Kanada ya shigo da wata cikin fannin lantarki a ƙarshen shekarun 1960. Albert Ruehli na kamfanin IBM kuma, a farkon shekarun 1970, ya nuna yadda za a mai da wayoyin kansu su zama jerin ƙananan da'irorin lantarki da kwamfuta ke iya warwarewa. Wannan shi ake kira kwaikwayo: a gina na'ura a cikin lissafi, a gwada ta, in za ta ƙone ta ƙone a can, inda ba a asarar ko kwabo.

Matsalar ita ce lokaci. Kwaikwayon abin da ya faru cikin ƙiftawar ido yana iya cin mintoci ko sa'o'i. Kwaikwayo na nan take kuwa sharaɗinsa shi ne kwamfuta ta gama lissafin sakan ɗaya cikin sakan ɗaya, ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da na'urar gaske. A fannin manyan layukan wuta an daɗe da cim ma haka. Hermann Dommel ya wallafa hanyar lissafin da aka gina a kai a 1969, kuma kamfanoni biyu na Kanada, RTDS da aka kafa a 1994 da Opal-RT da aka kafa a 1997, suna ƙera kwamfutocin da ke kwaikwayon layukan wuta nan take. Yawanci sukan sake lissafi duk bayan maikirosakan 50. Amma ga inbata mai kunnawa sau 20,000 a sakan, maikirosakan 50 zagaye guda ne cur, don haka dole a sauko zuwa maikirosakan 1 ko ƙasa da haka. Har ila yau, waɗannan injuna sun fi ba da labarin bolt da amfiya na cikin waya. Lissafin filin da ke sarari aiki ne da ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba.

Mafitar ita ce taƙaita lissafi. Muddin ba a cika wa ƙarfen taransifoma ciki ba, filin da waya ke kafawa yana bin wutarta sau da ƙafa: in wuta ta ninku biyu, fili ya ninku biyu, kuma filayen wayoyi daban-daban haɗuwa suke yi kamar yadda ake tara alƙaluma. Don haka sai a bar kwamfuta ta sha wahala sau ɗaya, ta fitar da 'yan siffofin da filin wannan na'ura ke iya ɗauka, ta adana. Bayan nan, duk lokacin da aka auno wutar da ke gudana, abin da ya rage shi ne ninkawa da tarawa. Da irin wannan dabara lissafi mai layi dubu ɗari yakan koma 'yan gomiya, kuma sassan kwamfuta da aka ƙera don wasannin bidiyo, waɗanda ke yin dubban ƙananan lissafi a lokaci guda, suna ƙarasa sauran.

Ɗorin gani

Ko da an samu amsa, tulin alƙaluma ba ya koya wa ido komai. A nan fasahar da za mu kira ɗorin gani take shigowa, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da haruffan AR. Ma'anarta ita ce mutum yana kallon abu na zahiri, kwamfuta kuma tana ɗora zane a kansa daidai inda ya dace. Ivan Sutherland ya gina na'urar sawa a ka irin wannan a Amurka a 1968, tana rataye daga rufin ɗaki. A farkon shekarun 1990 Tom Caudell da David Mizell na kamfanin jiragen sama na Boeing suka yaɗa sunan fasahar, kuma abin sha'awa, aikin da suka nufa da ita shi ne nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi wajen haɗa damin wayoyin jirgi. A 2016 kamfanin Microsoft ya fitar da tabarau mai suna HoloLens, kuma daga 2017 zuwa 2018 fasahar ta bazu cikin wayoyin hannu.

Aikin yana da matakai huɗu. Na farko, a sanya ma'aunai su riƙa auna wutar da ke bin manyan wayoyin na'urar. Na biyu, taƙaitaccen lissafin ya mai da awon ya zama fili. Na uku, kyamarar waya ko ta tabarau ta gane inda na'urar take da kusurwar da ake kallonta, sau da yawa ta hanyar wata alama da aka manna a jikinta. Na huɗu, a zana filin a kan hoton, da kibau masu nuna inda ya fuskanta da launuka masu nuna ƙarfinsa. Don zanen ya tafi sumul, akan sabunta shi kamar sau 60 a sakan, wato kwamfuta tana da kimanin kashi 17 cikin dubu na sakan ta gama kowane zagaye. Da yake ido ba ya iya bin abin da ke juyawa sau 20,000 a sakan, akan nuna matsakaicin ƙarfin filin, ko kuma a sassauta gudunsa kamar yadda ake maimaita cin ƙwallo a talabijin. Masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila suna cikin waɗanda suka gwada haɗa waɗannan matakai a kan na'urorin sarrafa wuta.

Amfaninsa a fili yake. Mai ƙira zai ga inda fili ya taru ya yi ja a kusa da wayar umarni, ya gyara shimfiɗar tun kafin a buga allo dubu. Ɗalibi zai ƙara wa inbata kaya ya ga filin ya kumbura, ya matso da waya mai kai wuta kusa da mai dawo da ita ya ga filayensu sun cinye juna.

Sai dai wajibi ne a yi hattara. Kyamara ba ta ganin filin maganaɗisu. Abin da ke kan gilashi lissafi ne aka zana, kuma in an ba kwamfuta tsawon waya ba daidai ba, ko ƙarfen taransifoma ya cika ya daina bin ƙa'idar ninkawa, za ta zana ƙarya mai kyan gani. Dole a riƙa gwada zanen da awo na gaske. Game da lafiya kuwa, hukumar ƙasa da ƙasa ta ICNIRP ta sanya maikirotesla 200 a matsayin ma'aunin kariya ga jama'a a kan wuta mai kai-komo sau 50, a ƙa'idojinta na 2010. Mun riga mun ga yadda fili ke raguwa da nisa. Haɗarin da ya fi kusa a cikin inbata shi ne kamun wuta daga kafasito, wanda ke riƙe caji ko bayan an kashe na'ura.

Gwaji a cikin aji

Makarantar da ba ta da tabarau mai tsada ba ta rasa abin yi ba. Malami zai iya samo garin ƙarfe daga maƙera ko masu walda, da maganaɗisu daga tsohon lasifika, ya maimaita gwajin Faraday a kan takarda. Zai iya miƙa waya a kan kamfas daga kudu zuwa arewa, ya taɓa bakinta biyu a jikin batirin tocila na sakan ɗaya ko biyu, ɗalibai su ga abin da Oersted ya gani. Zai iya kunna rediyo a matsakaicin zango inda babu tasha, ya kusanto da shi ga caja ko ƙwan fitila, a ji ƙarar, a ja baya taki-taki ana rubuta nisan da ta ɓace.

Bugu da ƙari, yawancin manyan wayoyin hannu suna ɗauke da ma'aunin maganaɗisu, wanda shi ke juya kamfas ɗinsu. Manhajar phyphox, wadda Jami'ar RWTH ta Aachen a Jamus ta fitar kyauta a 2016, tana nuna awon da maikirotesla. Wuta mai amfiya 5 tana kafa maikirotesla 50 a nisan santimita 2, abin da waya za ta iya kamawa. Ɗalibai su auna a kusa da waya guda ta batirin sola, ba tare da taɓa bakin batir ba, sa'an nan su auna inda wayoyin biyu suka haɗu. Su zana murabba'ai a takarda, su rubuta awon kowane gida, su shafa launi. Abin da suka yi da fensir cikin darasi guda shi ne abin da ɗorin gani ke yi sau 60 a sakan. A sani dai ma'aunin waya ba ya iya bin canji mai sauri, wutar batir miƙaƙƙiya ita ce ta dace da shi. Kada kuma a buɗe inbata ko a kusanci wutar gida da sunan gwaji.

Kammalawa

Darasin da wannan ilimi ke bayarwa yana da amfani a Zakirai tun yau. Wayar batir ta kasance gajera kuma mai kauri. Waya mai kai wuta da mai dawo da ita su tafi tare, in da hali a murɗe su. Kafasito ya zauna dab da tiransista, kuma mai gyara kada ya ƙara tsawon ƙafar abin da ya canza. A nisanta wayoyin umarni da eriyar rediyo daga manyan wayoyi. Masu gyara da dama sun koyi wasu daga cikin waɗannan ta hanyar asara, ba tare da an gaya musu dalili ba. Ɗalibin da ya riƙe lissafin bolt 104 ya san dalilin. Idan ya dage da darasin fizis da lissafi, sassan koyar da injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna nan kusa. Ƙasar da ta rungumi wutar sola haka tana bukatar masu ƙera inbata da gyara ta da sani, kuma ba abin da zai hana su fito daga azuzuwan Gabasawa.